Filtar Haɗin Kai da Injin Marigayiya

Ranar Talata aka ɗaura wa motar marigayiya matata Filtar Haɗin Kai. Ina tsaye aka ɗaura ta, kuma da kuɗina.

Juye kawai na je yi. Ga wanda Allah ya hutar bai taɓa mallakar mota ba, juye shi ne a zubar da tsohon baƙin mai daga inji, a zuba sabo, a canza filta, wato ɗan gwangwanin nan da ake murɗawa a gefen inji don ya tace dattin da ke yawo a cikin man. Aiki ne da ake gamawa kafin mutum ya shanye kofin shayi. Na kai motar wurin bakanikenmu, wanda kowa ke kira Gobe-da-safe, domin amsar da yake ba kowace tambaya ke nan, wani lokacin har gaisuwa. Kafin in gama fitowa daga mota ya riga ya shige ƙarƙashinta, ya soke tsohuwar filtar da sukudireba ya murɗo ta, kamar yadda ya saba. Sai da ya miƙo mini ita da huji a ciki tana ɗigar da mai, sannan ya tuna ya gaya mini cewa irinta babu ita a kasuwa. Ba ƙarewa ta yi ba. Hana ta aka yi.

Ashe ina can cikin littattafaina an kafa Kwamitin Kula da Lafiyar Injina, an naɗa masa shugaba, Mai Girma Sarkin Tambari, Allah ya ƙara wa tambarinsa danƙo. Kwamitin ya shiga otal ya yi zaman nazari, da abincin rana da na yamma, ya fito da sakamako: babbar matsalarmu ba ramukan titi ba ce, ba layin fetur ba ce, yawan filta ce. Wannan doguwa, waccan gajera, wata mai faɗin baki, wata mai ƙunci. Wai irin wannan rarrabuwar ce ke hana mu ci gaba. Don haka daga yanzu filta ɗaya ce ga kowa: ƙaramar mota, babbar mota, janareta, har injin ban ruwa. An yi mata fenti ruwan zinare, an manna mata tambari, kuma in an ɗaura ta sai a ɗaure da 'yar waya mai dalma, don kada wani ya kwance ta kafin wa'adinta. Na karanta tarihin dauloli da yawa. Na ga waɗanda suka so haɗa kan jama'a da takobi, na ga waɗanda suka gwada da harshe ɗaya ko kuɗi ɗaya. Ban taɓa cin karo da wanda ya fara daga ƙarƙashin bonet ba. Dole a sara wa Mai Girma.

Na ce wa Gobe-da-safe to ya ba ni biyu. Ya dube ni kamar na ce ya ara mini haƙoransa. Ya ce ɗaya ake ba kowace mota, kuma ya san abin da nake nufi da ta biyun, in rufa masa asiri, yanka filtar kwamiti laifi ne yanzu, sunansa ɓata dukiyar da aka tantance.

Ya san abin da nake nufi domin ya san marigayiya. Ma'aikaciyar jinya ce, da guminta ta sayi motar tun 'yarmu tana goye, kuma yadda take duba marasa lafiya haka take duba ta. Ni fasinja ne, malamin tarihi mai karatu a kujerar gefe. Sai da ciwo ya kwantar da ita na koyi tuƙi da furfura a kaina. Tana da wata ɗabi'a da ta sa masu sayar da kayan gyara ke neman wurin ɓuya in sun hango ta: ba ta sayen filta ɗaya. Biyu take saya daga kwali guda, ta ciro zarton ƙarfe daga but ɗin mota, ta yanka ɗaya a gaban mai shago. In cikin ya gamsar da ita, a ɗaura 'yar'uwar. In bai gamsar ba, ta ajiye masa gawar a kan teburinsa ta ce ya kai wa iyayenta.

Abin da take dubawa ba sirri ba ne, ta sha faɗa mini ina yi kamar ina karatu. Takardar da ke ciki ta zama mai kauri, an naɗe ta ninki-ninki a matse. Zoben robar da ke baki ya yi daidai da mazauninsa a jikin inji, domin filta za ta iya murɗuwa lafiya lau amma zoben ya zauna a karkace, mai ya riƙa tsiyaya. Sai wata 'yar roba mai laushi a bayan ramukan bakin, wadda ke rufewa in an kashe mota, don kada man ya sulale ƙasa ya bar saman inji a bushe. Sai ɗan sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya, a gindi, mai buɗe wa man wata hanya in takardar ta toshe. Takan ce sabon inji yaro ne, ko me ka ba shi zai haɗiye ya tashi da gudu. Tsoho kuwa gaɓoɓinsa sun saki, dattinsa ya yi yawa, in ya tashi da safe bai sami mai nan take ba, ƙarfe ne zai ci ƙarfe. Don haka ba a zaɓa wa tsohon inji filta don kawai ta shiga. A san wane inji ne, a nemi tasa. Yanzu da gwiwoyina ke gaishe ni kowace safiya, darasin ya fi shiga kaina.

Ni kuma aikina a gidan, a faɗarta, bai wuce biyu ba: barin littafi a kan gado, da barin ƙofar gida a wangale. Kullum ta dawo daga aiki sai ta iske ƙofar shigar mota a buɗe hanhai, ni ina zaune a kujerata kai a cikin littafi. Ta shigo da motar, ta kashe, ta fara: wata rana ɓarayi za su kwashe mu har da kai da kujerar, sai sun kai ka kasuwa za ka ɗago ka tambayi me ake ciki. Shekara da shekaru ana wannan faɗa. Ban taɓa gyarawa ba.

Tun da ta rasu gidan ya yi irin shirun da rediyo ba ya magani. An raba kayanta, turarenta ya bar labule. Abin da ya rage da muryar da na sani shi ne injin nan. Yana da wani gurnani ƙasa-ƙasa, da ɗan tari guda in an sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu, kuma babu wata mota a duniya da ke yin irinsa. Kowace safiya nakan tayar da shi in tsaya in saurara. 'Yata ta daɗe tana lallashina a sayar da motar, ko aƙalla a sa mata wani injin, ita za ta ɗauki nauyi. Nakan ce mata jikin motar in ta ga dama ta kai wa masu sayen tsohon ƙarfe gobe, amma injin ba a taɓa shi. Takan ce, Baba, ai mutane jiki suke kallo. Nakan ce shi ya sa mutane suke yadda suke.

To, ga ni a gareji, tsohuwar filta ta huje, sabuwa mai zinare a hannun Gobe-da-safe. Ya murɗa, ta shiga sumul. Ya ce, ka gani, Baba Malam, kamar don ita aka yi. Ya ɗaure wayar, ya matse dalmar, na biya, na koma gida.

Washegari da safe na murɗa makulli, injin ya tashi da wata ƙara da ban taɓa ji ba, kaf-kaf-kaf, kamar ana zuba cokula a bokiti. Jar fitilar mai ta daɗe a kunne kafin ta mutu. Na kashe. Na san abin da na ji. Man ya sulale ƙasa, saman ya tashi a bushe. 'Yar robar nan babu ita.

Na kira Gobe-da-safe a waya, ya ce tsufa ne, shi ma haka ƙasusuwansa ke yi, zai leƙo gobe da safe. Maƙwabcina Mai Rediyo ya ɗago kai ta katanga ya ce shi bai ji komai ba, kuma an faɗa a labarai cewa tun da aka fito da Filtar Haɗin Kai ƙorafin injina ya ragu ƙwarai. Na ce ai dole, mataccen inji ba ya ƙorafi. Mai Rediyo mutumin kirki ne, ya tsaya mini tsayin daka lokacin rasuwa, amma in aka ce a rediyo ana ruwa, zai buɗe lema ko da rana na ƙona masa ƙeya.

Na rufe motar da tamfol na hau ta haya zuwa ofishin kwamitin. A harabar an jera manyan baƙaƙen motoci, wani direba ya buɗe bonet ɗin ɗaya yana goge-goge. Na leƙa, a matsayina na ɗan ƙasa mai son ilimi. Filtar da ke ciki fara ce, 'yar waje, ba zinare ba dalma. Direban ya ce an keɓe motocin kwamiti daga dokar saboda dalilan tsaro. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Tsaron injin ne.

Sarkin Tambari ba ya nan, ya tafi ƙasar waje taron ƙara wa juna sani kan filta. Aka haɗa ni da Mai Girma Mataimaki na Musamman kan Sauraron Koke, wani matashi mai ƙamshi da waya biyu a hannu, wanda ya ba ni kujera ya yi ta kirana Baba har na fara tunanin ko na san uwarsa. Na yi masa bayanin 'yar roba da sifirin da zobe. Ya saurare ni da irin idon da ɗalibaina ke saurarona ana dab da kaɗa ƙararrawar tashi. Sai na tambaye shi kai tsaye me ke cikin filtar.

"Inganci, Baba," in ji shi.

Na ce na ji, amma da me aka yi ingancin, kuma akwai wanda ya taɓa buɗe ɗaya ya gani?

"Baba, in aka buɗe ta, tambari ya lalace. In tambari ya lalace, ba tamu ba ce. In ba tamu ba ce, yaya za a tambaye mu abin da ke cikinta?"

Jama'a, na koyar da yara har na yi ritaya, na karanta muhawarar masana na da da na yanzu, ban taɓa ganin gini mai kyan wannan ba. Ba ƙofa, ba taga, kuma mai shi na zaune a ciki yana shan iska. Na miƙe na yi masa godiya. Ya ba ni kalandar kwamiti kyauta, mai hoton Sarkin Tambari a kowane wata, riga daban-daban, murmushi iri ɗaya.

Daga nan na nufi layin masu kayan gyara. Shagunan da a da ke cike da filtoci yanzu furannin roba suke sayarwa, da rigar sitiyari, da turaren ratayawa a madubi. Duk wanda na tambaya sai ya dubi hagu ya dubi dama ya ce bai san zancen ba. Can ƙarshen layi na iske wani tsoho yana gyangyaɗi a bakin shagonsa. Na faɗi irin injin. Ya buɗe ido ya ƙare mini kallo.

"Kai ne mijin mai zarto."

Na ce ni ne. Ya tambayi lafiyarta, na gaya masa. Ya yi mata addu'a, sannan ya ce duk zamansa a kasuwa mutum biyu ya ji tsoro, mahaifinsa da ita. Ta taɓa sa shi ya mayar wa dila da kwali guda, ya yi asarar da ya daɗe yana jin zafinta, kuma tun daga ranar bai ƙara sayen kaya a hannun mutumin ba. Ya tura ƙofar shagon, ya jawo wani kwalin sabulu daga ƙarƙashin benci, ya ɗaga sabulan sama, ya zaro filta biyu naɗe a tsumma. Ban ce biyu ba. Shi ya sani. A zamanina, abin da ake sayarwa ta wannan hanya, ƙofa a rufe murya ƙasa-ƙasa, ba filta ba ce. Mun ci gaba.

Zarton yana cikin jakata. Na yanka ɗaya a kan bencinsa, shi yana riƙe mini. Takarda mai kauri, ninki a matse kamar shafukan ƙamus. Roba ja mai laushi. Sifirin a gindi. Tsohon ya ce marigayiya ta fi ni saurin yanka. Na ce ta fi ni saurin komai, har tafiya.

Saura ɗaurawa, kuma nan ne ƙasata ta nuna mini cewa ba ta gama da ni ba. Gobe-da-safe ya ce ko za a yanka shi ba zai tsinke wayar kwamiti a ƙofar gidana ba, domin an naɗa Mai Rediyo wakilin sa ido na layinmu, an ba shi riga mai ƙyalli da usur, kuma mutum ne mai riƙon amana. Sai dai in kawo motar bayan gareji inda ba mai gani. In ce zan kwance da kaina, bayana ya daina lanƙwasuwa, kuma matsewar da aka yi mata sai wanda ya yi. Garejin kuwa yana can bayan gari, inda wani Mai Girman ya kwashe makanikai ya zubar don gari ya yi kyan gani. Fetur ɗin da ke tankina ba zai kai ni rabin hanya ba. Na ɗauki jarka na je gidan mai, aka ce wani Mai Girman na daban ya hana sayar da fetur a jarka, sai mota ta zo da ƙafarta. Na nemi mai janwe ya ja ni, ya ce da zuciya ɗaya, da zarar ya sami fetur. Shi ma yana kan layi.

Sai na yanke shawara. Gidan man yana gangaren unguwarmu. Zan tayar da injin sau ɗaya tak, bayan na sha fetur, in lallaɓa shi zuwa gareji. Kafin nan, turi. Na ajiye filtar kirki a kujerar gefe, tsohuwar kujerata, na saki burki na gangara har wutsiyar layi ban tayar da inji ba.

Duk wanda bai taɓa tura mota a layin fetur da furfura a kansa ba, bai gama sanin ƙasarsa ba. Layi ya matsa tsawon mota ɗaya, in fito, hannu a sitiyari kafaɗa a jikin ƙofa, in tura, in koma in zauna ina haki. Wata mai sayar da ruwan sanyi ta ajiye farantinta ta kama mini. Direban tasin da ke bayana ya fara da zagi, da na gaya masa dalili sai ya sauko ya sa kafaɗa, yana ba ni labarin injin ƙaninsa da ya mutu kwanan nan da zinare a gefensa. Rana ta take, muka kai inda nake iya karanta lambobin famfo. Motoci kaɗan suka rage a gabana. Har na fara yi wa injin magana a zuci, ina ce masa ya ƙara haƙuri.

Sai jiniya.

Ayarin baƙaƙen motoci ne, su ma fetur suke so, kuma kun san manya ba sa jira, likita ya hana su. Masu rakiya suka diro suna dukan bonet-bonet suna cewa a buɗe hanya. Na fito na fara tura motar gefe. Wani ƙato daga cikinsu ya ce tsoho wasa kake yi da mu, tayar da ita. Na ce masa injin ba shi da lafiya, ya ɗan yi mini haƙuri. Ya ɗaga kulki saitin gilashin gaba.

Na shiga na murɗa makulli.

Kaf-kaf-kaf. Ya ce in hau dakalin gefen titi. Hawa dakali sai an taka totur, na taka. Jar fitila ta kunnu, ba ta mutu ba. Ya ce in ƙara gaba, na ƙara. Ya ce baya, na koma. Sai na ji injin ya yi tarin nan nasa guda ɗaya, wanda na sani, sannan wani abu ya buga a ciki kamar an saki guduma a ganga. Shiru.

Ban ga wanda ke cikin ayarin ba, gilasan baƙaƙe ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Suka sha suka tafi, fetur ya ƙare a kansu, mai famfo ya rataye tiyo. Direban tasin ya leƙo ta taga, ya dubi filtar da ke kujerar gefe, ya dube ni, ya girgiza kai ya koma motarsa. Duk cikin waɗanda na yi magana da su a kan wannan lamari, shi ya fi ba ni amsa mai ma'ana.

Da mai janwe ya sami fetur ya kai mu gareji. Gobe-da-safe ya buɗe injin ya ce ƙarafan ciki sun narke sun kama juna, ko wanda ya ƙera shi ya zo ba zai tashe shi ba. Karon farko tun da na san shi, bai ce gobe da safe ba. Na ce ya tsinke wayar ya ba ni filtar. Ya ce laifi ne. Na ce gawa ba ta da wa'adi. Ya tsinke.

Na yanka ta a kan bonet. Babu 'yar roba. Babu sifirin. Abin da ke matsayin takardar tacewa wata takarda ce mai sheƙi da aka nannaɗe aka cusa, ta jiƙe ta dagargaje, gutsattsarinta suka bi mai suka toshe hanyoyin inji. Na warware babban ɓallin da ya rage da bakin zarto. Rabin fuska ne. Kunci, da gefen tabarau, da murmushin nan da na sani, baƙi ƙirin da mai. A ƙasa ana iya karanta ranakun wani wata na bara.

Gobe-da-safe ya leƙo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe da kansa yake shiga."

Ina so in yi adalci a nan, don kada a ce tsohon malami ya cika ɗaci. An sha zargin manyanmu da almubazzaranci, ana cewa suna buga kalanda fiye da yawan bangon da ke ƙasar. To ga amsa. Ba a zubar da ko ɗaya ba. Kuma Mai Girma ya yi alkawari ranar da aka naɗa shi cewa zai kasance tare da kowane mai mota a duk inda yake. Ku nuna mini wani alkawarin da aka cika har haka.

Ban koma ofishin da shaidata ba. Tambarin ya lalace, ba tasu ba ce.

'Yata ta zo ta same ni zaune a bencin gareji. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, uwarta ta yi mata tarbiyya. Ta ja Gobe-da-safe gefe suka yi magana, ta sa ni a tasi ta ce in je in huta. Ba a jima ba aka samo wani injin na hannu, ɗan yaro-yaro, daga wata motar da ta yi hatsari, aka ɗora. Tsohon kuma masu sayen ƙarfe suka ɗauka. An ce ya yi nauyi a sikeli. Ban yi mamaki ba.

Filtar da na sha wahalar samu ba ta shiga sabon injin, bakinsu ba ɗaya ba ne. Tana nan a kantar littattafaina, tsakanin tarihin daulolin da suka faɗi. Sabon yana ɗauke da mai zinare, kuma zan koma wurin tsohon nan mai kwalin sabulu in nemo masa tasa, domin shi ma injin wani ne, wataƙila akwai wanda ya san muryarsa.

Ga masu tsohon inji, abin da zan ce kaɗan ne. Kada ku bari a soke tsohuwar filta sai sabuwar tana hannunku. Ku san injinku kamar yadda kuka san halin surukanku, ku nemi wadda aka yi don shi, ba wadda ta shiga kawai ba. Ku ɗaga ta ku ji nauyi, ku leƙa ramukan ku ga roba, ku gwada zobenta da na tsohuwar. A shafa wa zoben ɗan mai, a matse da hannu, ba da ƙarfin gaba ba. In kun tayar da safe kun ji cokula, ku kashe. Batun zarto kuwa, ni ban ce kowa ya yanka komai ba. Mai Rediyo yana karanta wannan shafi.

Jiya da yamma 'yata ta karɓo motar daga gareji ta kawo mini da kanta. Ina zaune a kujerata da littafi. Ban ji ta sha kwana ba, ban ji ta shigo layi ba, ban ji komai ba, sai hon a ƙofar gida. Na tashi na zare sakata na buɗe. Ta shigo, injin na numfashi a hankali kamar jariri mai barci. Mai Rediyo ya ɗago kai ta katanga da rigarsa mai ƙyalli ya ce barka, yanzu ka yi mota. 'Yata ta fito tana dariya, ta miƙo mini makulli, ta waiwaya ta dubi ƙofar.

"Baba, yau ka tuna ka rufe ƙofa. Da Mama na nan da ta ji daɗi."

Na ce ƙwarai. Na gode mata, na sa mata albarka, kuma har zuciyata na yi. Yarinyar ta yi abin da ta ga zai faranta mini.

Amma tunda shafin nan nawa ne, bari in rubuta abin da na yi ta ɗagawa har lokaci ya ƙure. Daga kwanar shagon tela nake jin tsohon injin nan in marigayiya na dawowa daga aiki, daidai inda take saukowa daga giya ta uku ya yi tarinsa. Daga nan zuwa ƙofarmu akwai lokacin da ya ishi mutum ya ajiye littafi, ya ruga ba takalmi, ya zare sakata, ya wangale ƙofa, ya dawo ya zauna ya daidaita numfashi. Wani lokacin littafin a juye yake a hannuna. Ba ta taɓa lura ba, tana can tana faɗa.

Ke mai zarto, kin yanka kowace filta kin ga cikinta, amma wannan ya wuce ki. Ban taɓa manta ƙofar nan a buɗe ba. Ko sau ɗaya.